Ma'aunin Malami A Ƙasar Hausa

In aka ce wane ya iya koyarwa, wane kuwa bai iya ba, ya kamata mai hankali ya tambaya, wa ya faɗa? Gama ba da ido ɗaya a ke duban malami ba. Akwai idon malamin kansa, akwai na almajirin da ke durƙushe gabansa, akwai na uban yaro, daga baya kuma aka sami na hukuma mai biyan albashi. Sau da yawa abin da wannan ya gani ya yaba, shi wancan zai gani ya kushe. Nufina a nan shi ne mu bi tarihi mu ga yadda hukuncin nan ya yi ta sauya hannu a ƙasar Hausa, tun daga zamanin zaure da buzu har zuwa zamanin aji da benci. Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun fi kowa cancantar shiga maganar, don kun ɗanɗana koyarwa da hankalinku a jikinku, ga shi kuma 'ya'yanku suna hannun malamai.

Bari mu fara da makarantar allo, don ita ce uwa. Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903 sun tarad da ita ko'ina, birni da ƙauye. Kimantawar da aka yi zamanin Gwamna Lugga ta nuna makarantun sun kai 20,000 ko fiye, almajiransu kuwa sun haura 200,000. Ba Baitulmali ke ciyad da malamansu ba. Malam yana da gonarsa ko ɗinkinsa, ga ɗan kuɗin Laraba da yara ke kawowa, ga sadakar da a kan yi in yaro ya kai wata sura, har ran sauka. Babu kuwa wanda ya naɗa shi. Mutum ya kan shimfiɗa buzunsa a zaure ko gindin itace, in maƙwabta sun amince da shi su kawo 'ya'yansu, in ba su amince ba ya zauna shi kaɗai.

Yadda a ke karatun ba ɓoyayye ba ne ga mai karatu. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sa'an nan a riƙa rubuta masa a allo, malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa har ya zauna masa, ya zo ya kawo. In ya yi daidai a ce ya wanke, in bai yi ba ya koma. Abin lura a nan shi ne babu aji. In yara talatin ne, to, darasi talatin ke nan, kowa da inda allonsa ya tsaya, mai kaifin kai ba ya jiran mai nauyin kai. Saboda haka abin da malamai su ke yabon junansu da shi shi ne kunne. Malamin kirki yana iya zama yana ɗinkin hula, yara talatin na ta ƙwala karatu gaba ɗaya, amma da wani can nesa ya ja inda ba a ja, ko ya mai da wasalin bisa na ƙasa, sai ka ji ya gyara masa bai ko ɗaga kai ba. Ga malaman, koyarwa mai kyau ita ce kada a bar yaro ya wanke allo bai riƙe ba, kuma ya tashi da ladabi.

Shi yaro fa? Ma'auninsa gajere ne. Wane malam ke biyawa a hankali har a gane, wane ne kuma hannunsa ke saurin kaiwa ga dorina. Amma ba a tambayarsa. An ma riga an toshe masa baki da zancen nan da a ke yi, wai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta cinsa. Zance ne na mutane kawai, malaman mazhabarmu na farko ba haka suka tsara ba. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 870, ya wallafa ɗan littafi a kan ladubban masu koyarwa, a ciki ya iyakance horon yaro ga bulala uku, sai fa da iznin uba, ya kuma hana malami ya yi duka don huce fushinsa. Allah kaɗai ya san yawan yaran da dorina ta kora, suka girma ba su wuce ƙananan surori ba.

Uba ne ke da hukunci, hukuncinsa kuwa ɗaya ne, ya ɗauke ɗansa ya kai wani wuri. In yaron ya girma ya zama gardi, sai hukuncin ya koma hannunsa. Ya naɗe buzunsa, ya rataya gafakarsa, ya nufi gabas, wajen Haɗeja ko Barno, inda ya ji labarin wani gwani. Can a tsangaya a ke jarrabawar da ba na zaton akwai wadda ta fi ta tsanani. Mai son a kira shi alaramma sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba ya dubawa, sa'an nan a kawo rubutun gaban mahaddata su bi shi baƙi baƙi, wasali wasali. Kuskure ɗaya ba ya tsere musu. In ya fita, ba shi kaɗai a ke yabo ba, sai a tambaya, almajirin wa ne? Ta haka sunan malami ke tafiya gari gari a bakin almajiransa, ta haka kuma ya ke mutuwa.

A makarantar ilmi abin ya fi fitowa fili, don a nan ɗalibi baligi ne, wani ma da iyalinsa da furfurarsa. Shi ke zaɓen malaminsa, shi ke ɗauko littafinsa. Ya fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ya hau Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi rai da himma ya kai Askari da Muhtasar. Ya karanta Larabcin, malam na fassara masa gaɓa gaɓa, sauran ɗalibai na zaune suna saurare har a zo kansu. Ba lalle ne malami ɗaya ya ishe shi ba. Ya kan ɗauki fiƙihu wurin wannan da asuba, nahawu wurin wancan da hantsi, tafsiri wurin wani cikin azumi. In kuwa ya ga fassarar malam ba ta ƙosad da shi, ba ya musu, ba ya ɗaga murya. Sai ya nemi wani uzuri, ko tafiya ko ciniki, ya yi sallama da ladabi, bayan kwana biyu a gan shi a wani zauren. Wanda ke son ya san darajar malaman gari a wancan zamani ba ya bukatar takarda. Ya zaga da safe ya ƙirga takalman da ke ƙofar kowane zaure.

Malaman da kansu suka ba ɗalibi wannan dama. Littafin nan Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda a ke karantawa a zaurukanmu, yana horon ɗalibi kada ya yi gaggawa wajen zaɓen malami, ya tsaya ya yi shawara, ya nemi mafi ilmi da tsoron Allah, don kada ya fara sa'an nan ya bari. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusuhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne. Takardar shaidar wancan zamani ke nan. Ba a ce ka gama makaranta kaza, sai a ce wa ya karantad da kai, shi kuma wa ya karantad da shi.

Shehu Usmanu kansa, ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta mana majalisinsa cikin Infaƙul Maisuri, siffar kuwa ta ɗalibi ce mai duban malaminsa. Abubuwan da ya yaba su ne sakin fuska, da haƙuri da masu tambaya, da yi wa mutane magana da harshen da su ke ji. Shehu ya kan yi wa'azi da Fillanci da Hausa, ya kuma tsara waƙoƙi don wanda ba ya iya buɗe littafi ya riƙe da ka. Shi kuma ma'aunin da ya ke auna malamai da shi mai zafi ne. Cikin Nurul Albabi ya zargi waɗanda ke tara ɗalibai a waje don a ce da su manyan malamai, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu a cikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ita ta ɗauki wannan gyara, ta riƙa horad da mata waɗanda a ke kira jaji, suna kai karatu ƙauyuka ga 'yan'uwansu, su ne 'Yan Taru.

Kada dai a ce tsarin zaure ba shi da aibi. Ladabi ya kan yi yawa har ya hana tambaya, ɗalibi ya ce na'am ga abin da bai gane ba. Fassara ta kan zama hadda, yadda malam ya ji daga malaminsa haka zai bayar, ko da kalmar ta tsufa har ba mai jinta a kasuwa. Ka sami wanda ya sauke Risala sau biyu, amma ba ya iya rubuta gajeriyar wasiƙa da Larabci. Takalman ƙofa ma su kan yi ƙarya, don akwai zauren da a ke cika saboda albarkar uban mai shi, ba don abin da shi ya sani ba.

To, ana nan sai ga boko. Cikin 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Gwamnati a Nasarawa, bayan birnin Kano. Kafin ya fara sai da ya je Masar da Sudan ya dubo yadda a ke yi can. Ya fara da ajin malamai, watau mutanen da suka riga suka yi karatun zaure, don su zama masu koyarwa, sa'an nan aka buɗe ta 'ya'yan sarakuna da ta sana'a. Da Hausa a ke koyarwa, da baƙaƙen boko, ana lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, ba a kuwa bar Larabci da addini ba. Gidansa na nan Kano, an mai da shi gidan tarihi.

Ba darussa kaɗai ya zo da su ba. Ya zo da ƙararrawa, da aji, da baƙin allo guda wanda kowa ke duba, da rajista, da albashi ƙarshen wata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa zaman malami da almajiri, amma abin da ya fi taɓa shi shi ne yadda a ke samun yaran sa'ad da makarantu suka bazu cikin larduna. Iyaye ba su so. Sai a aika wa Hakimi ya kawo yara kaza, shi kuma ya aza wa dagatai, dagaci ya kama ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. Masu sarauta da yawa suka ɓoye 'ya'yan cikinsu suka tura 'ya'yan bayi da barori. In yaro ya gudu, dogari ya bi shi ya komo da shi. Ka ga ashe ƙirga takalma ya daina amfani. Aji ya kan cika ko malamin gwani ne ko ba gwani ba, don cikarsa aikin Hakimi ne. Almajiran allo kuwa suka tsara wa 'yan boko waƙar zambo, suna tuhumarsu a kan karatu da salla da ladabi, watau dai sun auna sabuwar makaranta da tsohon mudu sun ga ba ta cika ba.

Da uba da ɗa suka fita daga hukunci, sai Baturen makaranta ya shiga, da manyan malamai masu zagayawa ƙarƙashinsa. Ran da zai zo a share fili, a wanke riguna, a jera yara. Ya duba rajista, ya duba ko malam na bin jadawalin sa'o'i, ko ya rubuta shirin darasinsa, ko yara sun yanke farce, ya yi 'yan tambayoyi, ya rubuta rahoto, ya hau dokinsa ko motarsa. Da rahoton nan a ke ƙara wa malami albashi, da shi a ke tsayad da shi ko a jefa shi wani ƙauye mai nisa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, saboda haka malamai suka koyi gyara abin da za a duba. Duk wanda ya taɓa aikin akawu ya san halin takarda, abin da aka yi wa gurbi shi kaɗai ta ke ɗauka. Yara nawa suka zo, nawa suka ci jarrabawa, alli nawa aka ƙarar, duk waɗannan suna da gurbi. Amma ko yaron da ke bencin baya ya gane abin da aka faɗa, wannan ba a yi masa gurbi ba.

Duk da haka zalunci ne a ce sabon tsarin bai kawo alheri ba. Babban alherinsa shi ne an mai da koyarwa kanta sana'a wadda a ke koya. A da, wanda ya sani shi ke koyarwa, ba a tambaya ko ya iya fitad da abin da ke cikinsa. Cikin 1921 aka fara Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta bisa ƙa'ida ran 5 ga Maris 1922, aikinta kuwa horad da malamai, shekara biyar. Kaɗan a ke ɗauka kowace shekara daga lardunan Arewa, a tankaɗe a rairaye. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, dukansu kuwa aji suka shiga da suka fito, a Sakkwato da Katsina da Bauci. Abin da kwalejin ta yi suna a kai shi ne tsananin kula da lafazin Turanci, da kiyaye lokaci, da wasanni. Sardauna ya ambace ta da alheri cikin littafin tarihin rayuwarsa na 1962. Ni kuwa ina ganin abin da ya sa tsananin lafazi bai dame su ba shi ne sun saba. Yaron da aka hana wanke allo saboda madda ɗaya ba zai yi mamaki ba in Bature ya sa shi maimaita kalma sau ashirin. Daga wannan horo muryar Tafawa Ɓalewa ta fito, wadda har a Ingila aka yaba. Kwalejin ta koma Kaduna cikin 1938, ta koma Zariya cikin 1949, ita ce a ke kira Barewa tun 1971.

Amma kwaleji ɗaya ba ta ƙosad da ƙasa. Wajen 1930 aka sake tsari, aka yi makarantun Elementare na shekara huɗu, bisansu Midil a manyan garuruwan larduna, aka kuma buɗe wuraren horad da malaman Elementare a Katsina da Bauci da Toro. A nan ne saɓani mafi girma ya fito tsakanin masu tsara karatu da masu karɓarsa. Hukuma ta ce a Elementare da Hausa za a koyar, a haɗa da aikin lambu da sana'ar hannu, Turanci sai an je Midil. Ba a Kaduna kaɗai aka yanke wannan ba. Wani kwamiti a Landan, wanda Ɗan Hausa ne sakatarensa, ya fitad da takarda cikin 1925 cewa ilmi a ƙasashen Afirka ya dace da zaman mutane da sana'o'insu. Ga Baturen makaranta, makaranta mai kyau ita ce mai lambu shar da yara masu iya saƙa. Ga yaro da ubansa kuwa, in dai noma ne, ai akwai gona a gida, kuma uban ya fi malamin iya riƙon fartanya. Tun da an ƙwace musu ɗa, abin da su ke so ya komo da shi shi ne Turanci, don sun ga da idonsu wa ke zaune a ofishin jirgin ƙasa da gidan waya da kantunan Turawa. Mutanen Kudu ne, waɗanda suka fara Turanci tun suna ƙanana a makarantun mishan. Saboda haka malamin da zai saci ɗan lokaci ya koya wa yara 'yan kalmomin Turanci shi ne gwani a idonsu, ko da lambunsa ya bushe rahotonsa ya ɓaci.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Yaro ya fi saurin gane karatu da harshen da ya sha a nono, ku kanku shaidu ne. Amma jinkirin Turancin ya ci Arewa, an kuwa ga haka ƙuru-ƙuru sa'ad da mulkin kai ya matso aka nemi ma'aikata aka rasa. Inda ɓangarorin suka haɗu ba gardama shi ne wajen littattafai. Da aka kafa ofishin fassara cikin 1929, wanda ya zama ofishin talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta East, aka yi gasar 1933, sai ga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, dukansu uku kuwa malaman aji suka rubuta su, watau Abubakar Imam, da wansa Malam Bello Kagara na Kwalejin Katsina, da Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Mutane ne da suka san abin da ke riƙe hankalin yaro, don sun sha ganin yadda ya ke tserewa. Ba a bukatar dorina kafin a sa yaro ya buɗe Magana Jari Ce.

Kada kuma a zaci 'yan boko sun rasa baki ɗungum. Babu malamin da ya shekara a makarantar kwana bai sami laƙabi ba, laƙabin kuwa ya kan faɗi gaskiyar da rahoto ya tsallake. Ban da wannan akwai gudu, akwai kuma abin da ba a san shi a zaure ba, watau bore. Cikin shekarun 1930 'yan Midil ta Kano suka yi bore saboda ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci da tsananin dokoki, cikin jagororinsu kuwa har da wani yaro Aminu. Shi ne Malam Aminu Kano. Da ya gama Kwalejin Kaduna cikin 1942 aka tura shi Midil ta Bauci, inda ya tarad da Tafawa Ɓalewa. Malam Abubakar mutum ne mai natsuwa da kwarjini, yana ganin gyara a hankali ya ke zuwa. Malam Aminu kuwa ya jawo yara jikinsa, yana tsara musu wasan kwaikwayo, yana zuga su su yi tambaya su yi muhawara, abin da manya da yawa ke gani ɓata yara ne. Gardamar nan, ko tsoron malami ke sa karatu ko sonsa, ba ta ƙare a Bauci ba. A Sakkwato kuma Malam Shehu Shagari, yana malamin makaranta, ya koma ga dabarar su Shehu, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasarsu da ka.

Malaman su ma suna da nasu kuka. A ganinsu ba a iya raba kyawun koyarwa da halin da mai koyarwa ke ciki. Albashi kaɗan, littattafai ba su isa ba, da damina ta faɗi rabin aji na gona, ran kasuwa waɗansu na talla, sa'an nan a zo a auna malami da jarrabawar yaran da ya yi wata biyu bai gani ba. Cikin 1948 Malam Aminu da abokansa suka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa don su yi magana da murya ɗaya. Amma sarauta da siyasa da aikin Gwamnati suka yi ta kwashe gwanayen. Sardauna, da Tafawa Ɓalewa, da Makaman Bida, da Shettima Kashim, da Isa Kaita, da Aminu Kano, da Shagari, duk tsofaffin malaman aji ne. Majalisa ta samu, aji ya rasa.

Sai cikin shekarun 1950 hukunci ya sake komowa hannun mai koyo, ta hanyar da ba a zata ba. A watan Agusta 1950 Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin abin da ya kafa hujja da shi har da jahilcin talakawa, waɗanda ba su san haƙƙinsu ba. Bayan wannan aka kafa kwamitin Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, aka kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. Malaman waɗannan azuzuwa yawancinsu ba su ga ƙofar kwaleji ba. Wani tsohon ɗan Elementare ne, wani malamin Hakimi, a yi musu ɗan gajeren horo, a ba su ɗan abin sayen goro.

Amma ɗalibinsu ba yaro ba ne. Magidanci ne da ya bar rumfarsa ko saƙarsa ya zo ya zauna. Ko da Hakimi ne ya sa aka rubuta sunansa, babu mai ɗaure shi a tabarma, ba a kuwa dukansa. Ya san abin da ya zo nema. Yana so ya karanta rasidin haraji ya ga ko abin da aka karɓa shi aka rubuta, ya duba nauyin gyaɗarsa ko audugarsa a kan sikeli, ya rubuta wa ɗan'uwansa da ke Kurmi wasiƙa ba tare da wani ya ji asirinsa ba. In wata guda ya wuce bai ga alamar zai kai can ba, sai ya daina zuwa. In malam ya yi masa tsawa gaban surukinsa ko ƙanensa, gobe ba ya komowa. Malamin da ya gane wannan ya kan nuna wa mutum yadda a ke rubuta sunansa tun da wuri, don babu baƙin da ke shiga kai da sauri kamar na sunanka. Ya kan kira dattijo da girmamawa, ya bar mai saurin ganewa ya taimaki na kusa da shi, in an yi kuskure ya gyara kamar ba a yi ba. Ajin irin wannan malami ya kan kai ƙarshen zango da mutanensa. Na wanda bai gane ba kuwa rajista cike, tabarma wayam, sai ran da mai dubawa zai zo a bi gida gida ana roƙo.

Makarantun yara ba su bi wannan hanya ba. Bayan mulkin kai cikin 1960 suka yi ta yawaita, cikin 1976 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka zo sun fi waɗanda aka yi shiri dominsu nesa ba kusa ba, aka ɗebi malamai da gaggawa, waɗansu ba su gama horo ba, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin shekarar don a riƙa horad da su suna bakin aiki. Masu hali suka koma ga tsohuwar dabara, su ɗauke ɗa daga wannan makaranta su kai waccan ta kuɗi. Talaka ba shi da inda zai kai nasa. Abin da ya rage masa, in ya yi ajin manya, shi ne abin da kakansa na zamanin Ɗan Hausa bai samu ba. Yana iya kiran yaron da dare, ya buɗe littafin aikinsa gaban fitila, ya duba ran da malam ya sa jar tawada a ciki ta ƙarshe, sa'an nan ya ce ya karanta masa shafi ɗaya ya ji.